Ƙwallo shida tsakanin Osimhen da Yekini

Daren 16 ga Nuwamba 2025, da Najeriya ta faɗi a bugun fenareti a hannun Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a birnin Rabat na Maroko, a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 2026, gidan kallon da muke zuwa a Gadarif ta Sudan ya watse tsit, ba mai ce wa wani ƙala. Lokacin kaka ne, riɗi ya shiga kasuwa, dawa na jiran yanka, kuma da yawa cikin masu kallon sammako za su yi zuwa gona. A cikin gari kowa da ɓangarensa, ko ƙungiyar Hilal ko ta Merrikh. Amma mu jikokin waɗanda suka baro Kano da Sakkwato da Katsina da niyyar hajji, suka yada zango a nan har zangon ya zama gida, in Super Eagles ta shiga fili sai a ga inda zuciyar da yawanmu ta karkata.

Washegari muna zaune a wurin mai gahawa, ɗan yayana ya zaro waya ya miƙa wa kawunmu. Lissafi ne a jiki: Victor Osimhen ya ci wa Najeriya ƙwallo 31 a wasanni ƙasa da 50, Rashidi Yekini kuwa 37 ya bari, saura shida ke nan. A ganin yaron magana ta ƙare, tunda Osimhen bai cika shekara 27 ba. Kawu, wanda a rediyo ya bi gasar cin kofin Afirka ta 1994 a Tunisiya, bai yi musun ko lamba ɗaya ba. Ya mayar da wayar, ya nemi a gaya masa inda aka ci ƙwallayen da kuma ranakun da aka ci su. Tun ranar tambayar ke cina.

A takarda yaron ne da gaskiya. Masu ajiye tarihi sun rabu kan yawan wasannin Yekini, wasu na cewa 58, wasu 62, gwargwadon wasannin da kowa ya yarda ya ƙirga. Ko wanne aka ɗauka, wajen ƙwallo uku ne a kowane wasa biyar. Osimhen yana cin kusan biyu a kowane wasa uku. A watan Maris na 2025, da ƙwallo biyu a ragar Ruwanda a Kigali, ya wuce Segun Odegbami, bai bar kowa a gabansa ba sai mutum ɗaya.

Wannan mutum ɗayan ɗan Kaduna ne. A can aka haife shi ranar 23 ga Oktoba 1963, iyayensa Yarbawan Kwara, kuma a can ya fara taka leda da ƙungiyar masaƙar UNTL. Zamani ne da kamfanoni ke riƙe da ƙungiyoyin ƙwallo, matashi ya samu abin sakawa a bakin salati, ya kuma samu filin da za a gan shi. Masaƙar ta rufe a 2007, kuma irin wannan hanyar ta tafi tare da masaƙun. Daga Kaduna Yekini ya koma Shooting Stars ta Ibadan, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984 ta sha kashi a hannun Zamalek. Sai Abiola Babes ta Abekuta, sai Africa Sports ta Abijan a 1987. Bai taka Turai ba sai 1990, yana gab da shekara 27, kuma ba wata babbar ƙungiya ce ta ɗauke shi ba: Vitória ce ta Setúbal a Fotugal, wadda ta faɗa rukuni na biyu yana cikinta. Ƙwallo 34 da ya ci a kakar 1992 zuwa 1993 suka taimaka aka dawo da ita sama, a kakar da ta biyo baya ya ci 21, ya fi kowa a babbar gasar ƙasar.

Abin nufi, a shekarun da Osimhen yake ciki lokacin gardamar nan Yekini bai ma fara cin kasuwarsa ba. Ya fara buga wa Najeriya tun 1984, amma mafi yawan ƙwallayensa sun zo ne tsakanin 1990 da 1994, zamanin koci Clemens Westerhof. Da a ce akwai waya a 1989 aka zana masa irin layin da ake zana wa matasan yau, da layin ya nuna ɗan wasa mai matsakaicin ƙoƙari wanda zai tsaya nesa da 37.

Shekarun nan biyar su ne amsar tambayar Kawu. A gasar cin kofin Afirka ta 1990, mai masauki Aljeriya ta lallasa Najeriya 5 da 1 a wasan buɗe gasa. Wasanni biyun da suka biyo baya, da Masar da kuma Kwaddibuwa, duk da ci ɗaya mai ban haushi aka ci su, kuma duka biyun Yekini ne ya ci. Ya ƙara ɗaya a ragar Zambiya a wasan kusa da na ƙarshe. A Senegal a 1992 ya ci huɗu, ya fi kowa. A Tunisiya a 1994 ya ci biyar: biyu a ragar Gabon, biyu a ragar Zayar a kwata fainal, ɗaya a ragar Kwaddibuwa a wasan da aka tashi 2 da 2, sannan shi ya buga fenaretin ƙarshe da ya kai Najeriya wasan ƙarshe. In aka haɗa da ɗayar da ya ci a 1988, ƙwallo 13 ke nan a gasar, kuma Samuel Eto'o na Kamaru da Laurent Pokou na Kwaddibuwa ne kaɗai suka fi shi. A tuna kuma cewa har 1990 ƙasashe takwas kacal ke zuwa gasar, a 1992 da 1994 goma sha biyu. Ba a cika samun ƙanwar lasa a cikinsu ba.

Sai ranar 21 ga Yuni 1994 a filin Cotton Bowl na Dallas, wasan Najeriya na farko a gasar cin kofin duniya. A minti na 21 Finidi George ya shimfiɗo ƙwallo daga dama, Yekini ya tura ta ragar Bulgeriya, ya bi ta ciki, ya damƙi ragar da hannu biyu yana jijjigawa yana ihu. Ƙwallo ce mai sauƙi, ko yaro zai iya tura ta. Amma ita ce ta farko da ƙasar ta taɓa ci a wannan gasa, kuma ba wanda zai sake cin ta farko. Ta biyun a ranar ma ɗan Kaduna ne ya ci, Daniel Amokachi.

Daga nan rana ta fara yi masa yamma. Ya koma Olympiacos ta Girka bai ji daɗi ba, rauni ya sa shi gaba, ya yi ta sauya ƙungiya daga Sifaniya zuwa Suwizalan zuwa Tunisiya zuwa Saudiyya. Siyasa ma ta ci nata rabon: gwamnatin Abacha ta hana Najeriya zuwa gasar cin kofin Afirka da aka yi a Afirka ta Kudu a 1996, hukumar CAF ta hukunta ta da hana ta gasar 1998. Ya rufe babinsa da Najeriya a gasar duniya ta Faransa a 1998, yana shigowa daga benci.

Osimhen ta wata ƙofa ya shigo. An haife shi a Legas ranar 29 ga Disamba 1998, watanni shida bayan wasan Yekini na ƙarshe, ya tashi a unguwar Olusosun kusa da babban juji, yana tallar ruwan leda a kan titi. Yana shekara 16 ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015, ƙarƙashin koci Emmanuel Amunike, mutumin da ya ci wa Najeriya ƙwallo biyun wasan ƙarshe a Tunis. Yana 18 yana Wolfsburg ta Jamus. Yana 24 ya ci 26 a gasar Italiya, ƙungiyarsa Napoli ta ɗauki kofin da ta shekara 33 tana jira, CAF ta ba shi gwarzon Afirka na 2023, shekara 30 cif bayan Yekini ya zama ɗan Najeriya na farko da ya karɓi wannan lambar.

Masu kushe shi suna nuna São Tomé: huɗu a wasan 10 da nema a Agadir a 2022, uku a Uyo a 2023, bakwai ke nan a ragar ƙasar da mutanenta ba su kai na ƙaramar hukuma ɗaya ta Kano ba. Ban yarda da wannan kushen gaba ɗaya ba. Yekini ma ya zuba wa Burkina Faso huɗu a Legas a 1991, kuma aikin ɗan wasan gaba ne ya ci wanda aka ajiye masa. Ukun da Osimhen ya ci Benin a Uyo a Oktoban 2025, ranar da kunnen doki ma ba zai yi amfani ba, da biyun da ya ci Gabon a ƙarin lokaci a Rabat, ƙwallaye ne masu nauyi. Wasanni huɗun farko na neman gurbin gasar 2026 ba ya nan saboda rauni, kuma maki uku kacal Najeriya ta samu cikin 12. Duk da haka, a ranar da muke gardamar nan ƙwallo ɗaya tak yake da ita a gasar cin kofin Afirka, wadda ya ci Equatorial Guinea a Abijan a Janairun 2024, kuma bai taɓa buga gasar duniya ta manya ba.

Wannan gardama ta saurin matashi da tarihin dattijo ba inda aka fi yin ta kamar a wasan ƙwallon gora ta kan ƙanƙara a Kanada da Amurka, wasan da ba mu san shi ba a ƙasar da rana ke dafa ƙwai, amma darasinsa ya shafe mu. A can ana buga wasa 82 a kaka, kuma ana rubuta komai, don haka da zarar yaro ya fara ci sai a auna shi da Wayne Gretzky. Shi Gretzky ya ci 92 a kakar 1981 zuwa 1982 da Edmonton Oilers, yana shekara 21. Da ya ɗore a haka, cikin kaka goma zai tara abin da ya tara. Sai da ya yi kaka 20 a gasar NHL kafin ya kai 894, kuma a ta ƙarshe, a 1999, tara kawai ya ci. Mike Bossy na New York Islanders ya fi shi yawan ci a kowane wasa, 573 a wasa 752, amma ciwon baya ya zaunar da shi yana shekara 30. Wanda ya zo ya karya tarihin, Alexander Ovechkin ɗan Rasha, bai taɓa wuce 65 a kaka ɗaya ba. Juriya ce tasa: yana shekara 39 ya karye a ƙafa a Nuwamban 2024, ya rasa wasa 16, ya dawo, ya ci ta 895 ranar 6 ga Afrilu 2025 a gidan Islanders ɗin. Wasansa na 1,487 ke nan, daidai adadin da Gretzky ya buga. Mutum biyu sun iso wuri guda a wasanni iri ɗaya, ɗaya da gudu tun da safe, ɗaya da tafiyar raƙumi.

Labarin Bossy ne ke sa gabana faɗuwa in na kalli Osimhen. Ba ya tausayin jikinsa. Ya goce kafaɗa a wasan Saliyo a birnin Benin a 2020. Ya karya ƙasusuwan fuska a karo da ɗan bayan Inter a 2021, abin da ya hana shi gasar Kamaru, ya kuma bar shi da takunkumin da aka san shi da shi. A daren Kwango ma bai dawo daga hutun rabin lokaci ba, kuma kowa ya ga yadda gaban Najeriya ya mutu bayan fitarsa. Ina sa ran zai wuce 37, ina kuma yi masa fatan haka da zuciya ɗaya, don ya cancanta. Abin da nake roƙo shi ne ranar da aka yi shelar sabon tarihi a tuna cewa na Yekini ya shekara fiye da 27 yana tsaye, kuma mutumin da ya kafa shi ya fara ne daga filin masaƙa, ba makarantar horo, ba wakili mai jiran ya cika 18 ya kai shi Jamus.

Yekini ya dawo gida ya buga wa Julius Berger, ya sake ɗaura takalmi da Gateway ta Abekuta a 2005 yana shekara 41, kamar wanda bai san wata rayuwa ba sai ta fili. Bayan nan ya janye daga jama'a a Ibadan. Ya rasu ranar 4 ga Mayu 2012 yana da shekara 48, aka yi masa sutura a Ira, garin iyayensa a jihar Kwara. Kawu ya ce a rediyo ya ji rasuwar, kamar yadda ya ji ƙwallayen.

Gasar duniya ta 2030 za a yi ta ne a Maroko da Sifaniya da Fotugal, ƙasar da aka fitar da Osimhen da ƙasashe biyun da Yekini ya taka leda. In Najeriya ta samu gurbi, Osimhen zai je yana shekara 31. Yekini na da 30 ranar da ya riƙe ragar Dallas.