Labaran Ƙauye Masu Kwantar da Hankali: Tarihinsu a Ingila da Ƙasar Hausa

  Yau tarihin wani irin littafi za mu taɓa, wanda ba a yaƙi a cikinsa, ba a kisa, ba aljani. Zaman ƙauye ne kawai, yadda ake kwana ake tashi.

Mutanen Ingila sun daɗe da irinsa. Tun 1853 wata marubuciya, Elizabeth Gaskell, ta fitar da Cranford, labarin wani ɗan ƙaramin gari da yawancin masu faɗa a ji cikinsa zawarawa ne da tsofaffin da ba su taɓa aure ba, ana ziyarar juna, ana rufa wa juna asirin talauci. Bayan shekara ɗari sai ga Dora Saint, malamar makaranta, wadda ta ɓoye sunanta ta kira kanta Miss Read. Littafinta na farko ya fito a 1955, kan wata makarantar ƙauye ce da malamarta. Me ke faruwa a ciki? Rufin aji na yoyo, mai sharar makaranta na mita, ana shirin biki a coci. Shi ke nan fa! Amma mata suka yi ta saye, ita kuwa ta yi ta rubutawa har 1996. Mutanen da suka sha wuyar yaƙin duniya na biyu ai ba tashin hankali suke nema a takarda ba.

To mu fa? Da aka yi gasar rubutu ta 1933 a Zariya, maza ne suka ci, kuma duk jarumansu barin gida suka yi. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya shiga duniya, Ganɗoki ya tafi yaƙi, Shaihu Umar aka sace shi yana yaro. Tsakar gida ba ta samu shiga ba.

Wadda ta fara buɗe ta tsohuwa ce, ba ta ma iya boko ba. Baba mutuniyar Karo ke nan. Tsakanin 1949 da 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, wadda ke iya shiga cikin gida inda aka hana mijinta. Baba ta ba ta labarin aure da kishiya, ƙawance, goyon ciki, wankan jego, riƙon 'ya'yan dangi, da 'yar sana'ar da mace ke yi daga ɗaki. Ba ƙagaggen labari ba ne, akwai ma tsoron mahara masu kama bayi a ciki, amma ni dai ban ga wanda ya fi shi kama da hirar tsakar gidanmu ba. Abin takaicin, da Turanci ya fara fitowa a 1954, Baba kuwa ta rasu tun 1951.

Da mata suka ɗauki alƙalami da kansu, Hafsat Abdulwaheed da So Aljannar Duniya a 1980, sannan Balaraba Ramat Yakubu da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, cikin gida ya shigo littafi sosai, amma da hawayensa: soyayya, saki, miji mara adalci. Sun yi daidai, ciwon da ke damun mata suka taɓa. Waɗanda suka biyo baya kuma yawanci birni suka nufa, gidan bene da mota, ƙauye ya zama wurin da ake ɗauko 'yar aiki ko a kai yarinya horo.

Alhali a nan kudancin Jigawa ga ranar kasuwa, ga sussukar gero, ga adashin da uwar adashi ta rikita lissafinsa, ga 'yar talla da ke dawowa da labarin unguwa kaf. Da abin da bai kai wannan ba Dora Saint ta cika littattafai sama da talatin.