Wane Makaɗi Ya Cancanci a Rubuta Tarihinsa? Darasi daga Jaz don Binciken Makaɗan Magarya da Dungas

1. Gabatarwa

Kowace shekara ɗalibbanmu sukan zo da batun kundin da suke so su rubuta, kuma idan batun ya shafi kiɗa da waƙa, sunayen da suke kawowa ba su cika canjawa ba: Shata, Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya. Waɗannan manya ne, babu gardama. Amma yawancinsu an riga an yi aiki a kansu, alhali ga tsofaffin makaɗa nan a ƙauyukan jahar Damagaram suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Manufar wannan maƙala ita ce mu tsaya kan tambaya guda: idan lokaci da kuɗin bincike kaɗan ne, wane makaɗi ya kamata a fara rubuta tarihin rayuwarsa? Za mu fara da abin da ya faru ga masu tarihin kiɗan jaz a Amurka, domin sun riga mu cin karo da wannan tambaya, sannan mu dawo kan gundumomin Magarya da Dungas.

2. Abin da masu tarihin jaz suka tarar

Jaz ya taso ne a cikin baƙar fatar birnin Niyu Orliyan wajen farkon ƙarni na 20, a wuraren rawa da faretin biso. Faifan jaz na farko ya fito a 1917, kuma ƙungiyar Turawa ce ta yi shi. Ke nan kusan shekara ashirin na farkon wannan kiɗa sun wuce ba a ɗauki sautinsu ba.

Buddy Bolden, mabushin ƙaho wanda tsofaffin makaɗa suka ce shi ne sarkinsu, an haife shi a 1877, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali a 1907, ya zauna can har ya rasu a 1931. Ba a sami faifansa ko ɗaya ba. Littafin Jazzmen na 1939 ya yaɗa labarin cewa aski ne sana'arsa, har ma yana buga wata ƴar jaridar tsegumi. Sai a 1978 Donald Marquis ya bi takardun aure da na ƴan sanda da na asibiti da jerin sunayen mazauna gari, ya nuna labaran biyu ba su da tushe. Jelly Roll Morton kuwa, Alan Lomax ya zaunar da shi a ɗakin karatun majalisar Amurka a 1938, ya ɗauki hirarsa da kiɗansa na makonni, abin da ya zama littafin Mister Jelly Roll a 1950. Morton ya ce shi ya ƙirƙiro jaz a 1902, ya kuma ce an haife shi a 1885, amma takardar baftismarsa ta nuna 1890. Duk da haka babu mai tarihin jaz da zai iya yin aiki ba tare da wannan hira ba, domin a cikinta ne aka ji sunayen makaɗa da yawa da salon kiɗansu, waɗanda da sun ɓace.

Daga nan masana suka gane cewa jiran sai mutum ya shahara asara ce. A 1958 jami'ar Tulane ta buɗe ma'ajiyar jaz, aka shiga bin tsofaffin makaɗa gida gida ana ɗaukar maganarsu, manya da ƙanana. A 1977 Val Wilmer ta fitar da As Serious as Your Life, inda ta ba masu ganga da matan makaɗa wuri na musamman. Abu biyu muka ɗauka a nan. Na farko, faifai da jarida su ne suke zaɓar wanda za a tuna, kuma zaɓensu ya dogara ga wanda ya yi kusa da na'ura. Na biyu, bakin makaɗi tushe ne na tarihi, amma sai an gwada shi da wani abu dabam.

3. Yadda aka rubuta tarihin makaɗan Hausa

Aikin farko kan kiɗan Hausa ya fi kula da tsari bisa mutum. M. G. Smith ya yi rubutu kan roƙo a 1957, David Ames da Anthony King suka tattara sunayen kayan kiɗa da rukunan makaɗa a ƙamus ɗinsu na 1971. A Nijar, Tolia Nikiprowetzky ya ɗauki kiɗan maroƙa a 1963 don faifan OCORA, Veit Erlmann da Habu Magaji suka yi aiki kan makaɗan Maraɗi, Mahaman Garba kuma ya rubuta kundinsa kan kiɗan Hausawan Nijar a Strasbourg. Ko mabushin jaz Yusef Lateef, wanda ya zauna jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985, ya sa hannu a wannan fage tare da Ziky Kofoworola. A irin waɗannan ayyuka makaɗi yakan fito a matsayin misalin rukuni: mai kalangu, mai goge, mai algaita.

Tarihin rayuwar mutum guda ya zo ne daga baya. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi kundin digirinsa na uku kan Mamman Shata a jami'ar Indiyana a 1975. Sa'idu Muhammad Gusau ya tara tarihin makaɗa da dama a Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Bayan rasuwar Shata a 1999, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da Shata Ikon Allah a 2006, Aliyu Muhammad Bunza kuma ya fitar da Narambaɗa a 2009. Idan muka duba waɗanda suka sami wannan gata, za mu ga hanya biyu ce ta kai su: ko dai fadar babban sarki, ko gidan rediyo, musamman na Kaduna, ko duka biyun. A Damagaram ma haka abin yake. Ma'azu Ɗan Alalo an san shi ne domin shi makaɗin fadar sarkin Damagaram ne kuma rediyo ta ɗauke shi. Malam Maman Barka, ɗan Taskar, malamin lakkwal ne mai jin Faransanci, ya yi suna da gurumi, a 2002 ya tafi tafkin Cadi ya koyi biram wurin Bukar Tar, kafin ya rasu a 2018 an ji shi har Turai. Da bai je ba, da sunan malamin nasa bai fita daga bakin tafki ba.

4. Magarya da Dungas

Wannan yanki yana kudancin jahar Damagaram, a kan iyaka da jihohin Katsina da Jigawa na Najeriya, kuma yana cikin wuraren da suka fi yawan jama'a a Nijar. Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, da can tana ƙarƙashin Magarya. Tarihin sarautarsa iri biyu ne. Dungas da Waca suna cikin ƙasashen Sosebaki, tare da Miriya, waɗanda suka bi Barno kafin Damagaram ta rinjaye su a ƙarni na 19. Yammacin yankin kuwa yana haɗe da Daura: zuriyar sarakunan Daura da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 ta watsu a nan, ta kafa sarauta a Zango da Ɓaure da Magarya. Iyakar da Faransa da Ingila suka yanka, wadda ayarin Tilho da O'Shee ya kafa wa alamu tsakanin 1906 da 1908, ta ratsa tsakiyar wannan zumunci.

Abin da aka rubuta kan yankin ya fi karkata ga sarauta da iyaka da gyaɗa. André Salifou ya fitar da tarihin Damagaram a 1971, Smith ya fitar da na Daura a 1978, William Miles kuma ya kwatanta ƙauyen Yekuwa na Magarya da Ƴardaji na Daura a Hausaland Divided na 1994. Salifou da Smith sun dogara sosai ga labaran baka na fada, irin waɗanda maroƙa da makaɗa suke cikin masu riƙonsu. Wato mun ci moriyar abin da makaɗi ya haddace game da sarki, shi kansa kuwa ba mu tambaye shi labarinsa ba.

Ga shi kuma rayuwar makaɗin wannan yanki ta ratsa manyan canje-canje. Zamanin gyaɗa, musamman bayan kafa kamfanin SONARA a 1962, kuɗi sun shiga hannun manoma da masu awo da ƴan kasuwa lokacin kaka, bukukuwa suka yawaita, makaɗi ya sami iyayen gida waɗanda ba sarakuna ba. Farin 1973 zuwa 1974 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 suka karya wannan arziki. Gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da samariya, ta buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, da bikin matasa na ƙasa a Zandar a 1976, sai makaɗin ƙauye ya zama mai wakiltar gundumarsa a gaban alƙalan gasa, ana kuma ba shi jigon da zai yi waƙa a kai. Najeriya ta rufe iyakarta daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, daidai da yunwar da mutane suka laƙaba wa sunan Buhari, hanyar kasuwanni irin su Maigatari ta toshe wa mai zuwa roƙo kamar yadda ta toshe wa mai awaki. Daga baya wa'azin masu hana kiɗa ya ƙarfafa, wasu makaɗa suka ajiye ganga suka ce sun tuba, sannan kiɗan fiyano da waƙoƙin finafinan Kano suka karɓe filin biki. Mutum guda da aka haifa wajen 1945 ya ga duk wannan da idonsa, kuma kowane mataki ya taɓa abincinsa.

5. Waɗanda muke ganin a fara da su

Ma'aunin da muke ba da shawara ba ya duba yawan suna. Yana duba ko rayuwar mutumin za ta buɗe mana abin da takardun gwamnati suka rufe, ko akwai masu shaida da rai, ko kuma akwai abin da za a gwada maganarsa da shi. Bisa wannan, rukuni huɗu muke sa wa gaba.

Na farko, makaɗan fadar sarakunan kanto, kamar na Dungas da Waca da Magarya da Bande. Su ne ke riƙe da jerin sarakuna da take da kirari, kuma sana'arsu gado ce, saboda haka tarihin mutum guda yakan jawo na kakanni uku ko huɗu. Take da kirarin Sosebaki, idan aka kwatanta su da na Daura da na Barno, za su iya warware abin da littattafai suka bari a dunƙule.

Na biyu, makaɗan noma da na maza: masu gangar noma da suke bin gayya, da makaɗan kokowa da dambe da ƴan tauri da mahauta. A bakinsu ake samun sunayen manoma da ƴan wasa waɗanda babu wata takarda da ta ambace su.

Na uku, mata: zabiyoyi da masu kiɗan ƙwarya da mawaƙan biki. Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta sami masu nazari domin kaset ɗinta ya bazu. Takwarorinta na ƙauye sun yi waƙa a cikin gida, wurin da namiji mai bincike ba ya shiga. Wannan aiki na ɗalibbanmu mata ne, kuma ya kamata sashe ya ƙarfafa musu gwiwa.

Na huɗu, ƴan amshi da masu ganga da sanƙirori. Ɗan amshin da ya yi shekara talatin bayan ubangidansa ya san yadda ake ɗinka waƙa, da yadda ake raba kyauta, da dalilin da ya sa ƙungiya ta watse. Sau da yawa shi ne ya rage bayan ubangidan ya rasu.

6. Hanyar aiki da wuyarta

Makaɗi ya saba da yabo, idan aka ce ya ba da labarinsa zai yi wa kansa kirari kamar yadda Morton ya yi. Wannan ba dalilin yar da maganarsa ba ne. A rubuta ta yadda ya faɗa, sannan a ji ta bakin matarsa da ƴan amshinsa da abokan hamayyarsa da zuriyar waɗanda ya yi wa waƙa. Shekarun haihuwa a ƙauye ba su cika samun takarda ba, sai a ɗaure su ga abin da aka san lokacinsa: naɗin wani sarki, wata yunwa, zuwan wani kwamanda, samun ƴancin kai a 1960. A tambaye shi ko gado ya yi ko haye, wa ya koya masa, wace kasuwa yake ci, da sefa ake biyansa ko da naira.

Wajen rubutattun abubuwa da sauti, akwai rahotannin zamanin mulkin mallaka a ma'ajiyar ƙasa ta Yamai, da ma'ajiyar sauti ta IRSH da ta CELHTO, da abin da gidan rediyon ƙasa ya ɗauka, har da tasharsa ta Zandar. Tsofaffin masu sayar da kaset a kasuwannin iyaka su ma ma'ajiya ce, sai dai zafi da ƙura suna cinye zaren kaset, kuma da yawansu sun zubar da kayansu tun da waya ta zo. Duk wanda ya sami kaset ya juye shi a kwamfuta nan take, ya rubuta wurin da ya same shi.

Akwai kuma haƙƙi. Makaɗi da bakinsa yake ci, saboda haka kuɗin goro ya shiga lissafin bincike tun farko. Wanda ya tuba ya bar kiɗa yana iya ƙin magana, ko ƴaƴansa su ƙi a kira ubansu maroƙi, dole a girmama wannan. Zambo da habaicin da suka taɓa mutanen da zuriyarsu ke raye, a yi shawara kafin a buga su. Aikin kuma a rubuta shi da Hausa, a sa fassarar Faransanci a gefe, a mayar wa iyalin kofi ɗaya.

7. Kammalawa

Mun nuna cewa a jaz da kiɗan Hausa duka, na'urar ɗaukar sauti da kusanci da masu mulki su suka zaɓi waɗanda aka rubuta tarihinsu, kuma yankin Magarya da Dungas yana da makaɗan da rayuwarsu ta ƙunshi tarihin gyaɗa da iyaka da samariya da canjin addini. Shawararmu ga sashe ita ce a ware kundi biyu ko uku kowace shekara don wannan aiki, kowane ɗalibi ya ɗauki mutum guda a kanton da ya fito, a fara da mafi tsufa. Makaɗan da suka yi tashe a zamanin gyaɗa yau sun kai shekara tamanin ko sun haura, don haka a fara aikin fili da rani mai zuwa, bayan an kai amfanin gona gida.