Rashidi Yekini: Tarihin Wasansa da Matsayin Shahararsa

Rashidi Yekini ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne na Najeriya wanda ya yi fice a matsayin ɗan wasan gaba, wato wanda aka ɗora wa alhakin zura ƙwallo a ragar abokan karawa. An haife shi a Kaduna a shekarar 1963, kuma a nan ya fara wasa da ƙungiyar UNTL ta masaƙar garin, kafin ya koma Shooting Stars ta Ibadan, sannan Abiola Babes ta Abeokuta. A shekarar 1987 ya tafi Africa Sports ta Abidjan, inda ƙwazonsa ya buɗe masa ƙofar Turai, har ƙungiyar Vitória de Setúbal ta ƙasar Fotugal ta ɗauke shi a 1990.

Shekarun 1992 zuwa 1994 su ne ganiyarsa. Ya taimaki Setúbal ta hau daga rukuni na biyu zuwa na farko, sannan a kakar 1993/94 ya fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar Fotugal da ƙwallaye 21, duk da cewa ƙungiyarsa ba ta kai Benfica ko Porto ƙarfi da kuɗi ba. A 1993 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan nahiyar, kuma shi ne ɗan Najeriya na farko da ya sami wannan lambar yabo. Shi ya fi kowa ci a gasar cin kofin Afirka ta 1992 da ta 1994, wadda Najeriya ta lashe a Tunisiya, sannan a watan Yunin 1994 ya ci wa ƙasarsa ƙwallonta ta farko a tarihin gasar cin kofin duniya, a wasan da ta doke Bulgeriya da ci uku da nema a birnin Dallas na Amurka. Jimillar ƙwallayen da ya ci wa Super Eagles 37 ne, adadin da aka shafe fiye da shekaru ashirin ba wanda ya kamo.

Duk da wannan bajinta, sunansa bai kai na Nwankwo Kanu da Jay-Jay Okocha amo a wajen Afirka ba, kuma dalilin yana da nasaba da wuri da zamani. Yekini ya yi tashe ne a gasar da ba a cika nuna ta a ƙasashen waje ba, kuma kafin gidajen kallo, wato wuraren da ake biyan kuɗi a kalli wasa ta tauraron ɗan Adam, su bazu a garuruwan Najeriya. Su kuwa Kanu a Arsenal da Okocha a Bolton sun buga a Ingila daidai lokacin da gasar Firimiya ta zama abin kallon kowane mako. Bugu da ƙari, zamansa a Olympiacos ta Girka da Sporting Gijón ta Sifaniya bai yi armashi ba, alhali a lokacin ne idon duniya yake kansa.

Bayan ya daina wasa a ƙungiyar Gateway ta jihar Ogun, ya zauna a Ibadan nesa da idon jama'a, har ya rasu ranar 4 ga Mayun 2012 yana da shekaru 48. Tarihinsa yana nuna cewa shaharar ɗan wasa ba kullum take tafiya daidai da aikin da ya yi a fili ba, domin idan da ƙwallayen da aka ci ake auna 'yan wasan gaba, Yekini yana sahun farko na waɗanda Afirka ta haifa.