Ƙudan tsiron dawa: rayuwarsa da wuraren da ake samun sa

Ƙudan tsiron dawa ƙaramin ƙwaro ne da masana ke kira Atherigona soccata, sunan da wani masanin ƙwari ɗan Italiya, Camillo Rondani, ya raɗa masa a 1871. Danginsu ɗaya da ƙudan gida, sai dai bai kai shi girma ba, domin tsawonsa bai wuce milimita 5 ba, launinsa kuma toka-toka ne. Shi kansa ƙudan ba ya cin dawa. Tsutsarsa ce ke yin ɓarnar.

Yadda yake rayuwa

Macen kan saka fararen ƙwai ɗaya-ɗaya a bayan ganyen dawa, tun shuka na da mako guda da tsirowa har zuwa kimanin wata ɗaya. Cikin kwana biyu ko uku ƙwan zai ƙyanƙyashe, tsutsar ta gangara cikin kara ta datse cibiyar da sabon ganye ke fitowa. Daga nan ganyen tsakiya zai bushe alhali na gefe suna nan kore shar. Idan aka ja shi sai ya zare cikin sauƙi, gindinsa na wari. Wannan ruɓaɓɓen sashe ne tsutsar ke ci har kwana 8 zuwa 10, sannan ta ƙunshe kanta a gindin kara ko cikin ƙasa, ta fito ƙuda. Daga ƙwai zuwa ƙuda kimanin mako uku ne kacal, don haka ƙwaron kan hayayyafa sau da dama a damina ɗaya.

Inda ake samun sa

Ana samun sa a yawancin ƙasashen Afirka masu noman dawa, ciki har da Najeriya da Nijar da Sudan, sai kudancin Turai da Gabas ta Tsakiya da Indiya har zuwa Tailan. Idan babu dawa a gona, yakan fake a jikin ciyawa dangin dawa.

Ɓarna da kariya

Dawar da aka datse wa cibiya takan fitar da ’ya’ya daga gindi, amma zangarniyarsu ƙanana ce, kuma ba ta nuna da wuri. Wanda ya makara shi ya fi shan wuya, saboda ƙudan ya riga ya yawaita a gonakin da suka riga shi shuka. Shi ya sa masana ke ba da shawarar a yi shuka da wuri kuma a tare, a ƙara yawan iri, sannan a tuge duk tsiron da ya kamu lokacin cira. Cibiyar ICRISAT, mai reshe a Kano, ta daɗe tana aikin samar da irin da ke jure masa.