Duwatsun Mutanen Farko a Arewacin Adar

Matafiyin da ya bar birnin Tawa ya fuskanci arewa, ya wuce Tebaram har gonakin hatsi suka fara ƙaranci, ƙasar makiyaya ta Azawak ta buɗe a gabansa, in dai mai lura ne, zai riƙa tarar da tarin duwatsu a bisa tudu ko a gefen mataccen kwari, waɗanda tsarinsu ya wuce a ce ruwa ko iska ne suka tara su. Buzaye suna kiran irin wannan tari adebni, jam'insa idebnan, kuma sun san cewa kaburbura ne na al'ummar da ta shuɗe tun kafin Musulunci ya iso waɗannan sassa.

Masana tarihin Turai suna da wani isɗilahi da suke yi wa manyan gine-ginen dutse na mutanen farko, watau megalit, wanda aka harhaɗa daga kalmomi biyu na luggar Yunanawa, ɗaya mai ma'anar babba, ɗayar kuwa dutse. Wani Baturen Ingila, Algernon Herbert, shi ya fara amfani da shi a shekarar 1849 yayin da yake magana a kan Stonehenge, inda aka kakkafa duwatsun da nauyin kowanne ya kai kimanin tan 25, wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Sharaɗin abin a wurinsu shi ne dutsen ya kasance ƙato, an ɗora ko an kafa shi ba tare da laka ko siminti ba, kamar duwatsu fiye da 3,000 da ke jere sahu-sahu a Carnac ta ƙasar Faransa.

Afirka ta Yamma ba ta rasa rabonta ba ko da an tsananta wannan sharaɗi, domin a ƙasashen Senegal da Gambiya akwai da'irori fiye da 1,000 na ginshiƙan dutse, waɗanda aka sassaƙa da kayan ƙarfe daga marmara, irin jan dutsen nan da ya lulluɓe tuddan Adar, aka kafa su kusa da kaburbura tun daga ƙarni na 3 kafin Miladiyya har zuwa ƙarni na 16. Hukumar UNESCO ta shigar da wurare huɗu daga cikinsu, Wassu, Kerbatch, Wanar da Sine Ngayene, a jerin kayan tarihin duniya a shekarar 2006. Akwai kuma ginshiƙan Tondidaru kusa da Niyafunke a Mali.

To, idebnan na Azawak da Abzin fa? Bisa zahirin ma'ana akasarinsu ba su shiga ƙarƙashin sunan megalit ba, saboda duwatsun da aka gina su da su ba su fi ƙarfin mutum ɗaya ko biyu ba. Amma a ganina wanda ya tsaya ga auna nauyin dutse ya bar asalin mas'alar, domin abin ta'ajibi a Ingila da Azawak ɗaya ne: jama'ar da ba ta da rubutu, ba ta kuma bar mana sunan sarki ko ɗaya ba, ta iya haɗa hannaye masu yawa na kwanaki, ta ciyar da su, ta shayar da su, saboda aikin da ba ya ƙara hatsi a rumbu. Wanda ya ga yadda matan Keita suka riƙa ɗaukar duwatsu a ka don tare zaizayar ƙasa, tun da aka fara aikin raya karkarar can a shekarar 1984, ya san abin da tulin dutse mai tsawon mutum yake ci na gumi.

Binciken da wani masani, François Paris, ya yi a Saharar Nijar, wanda aka buga a shekarar 1996, ya nuna cewa waɗannan kaburbura iri-iri ne, kowane zamani da nasa salo: akwai tulin dutse kawai, akwai mai rami a tsakiyar kansa, akwai mai siffar jinjirin wata, akwai kuma mai kewayen katanga da aka jera dutse bisa dutse. A ƙarƙashi sau da yawa mamaci ɗaya ake tararwa, an kwantar da shi ta gefe, gwiwoyi a naɗe. Mafi tsufansu sun koma lokacin da ƙasar ba ta bushe ba, sa'ad da kwarin Azawak yake da tafkuna da kifi. A Shin Tafidet ma, cikin wannan kwari, an tono mazaunin makiyayan da suka binne shanu kusa da mutanensu kimanin shekaru 3,500 da suka wuce.

Wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne al'adar da matafiyan ƙarni na 19 suka ruwaito daga Buzayen arewa, cewa matar da mijinta ya daɗe a fatauci ko yaƙi takan yi ado ta je ta kwana a kan adebni, da fatan mai kabarin zai ba ta labarinsa cikin mafarki. Tsohon marubucin tarihin nan Herodotus kuwa, tun a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya ambaci kusan wannan ɗabi'a ga wata ƙabila ta Libiya. Malami zai ce saura ce daga jahiliyya, kuma ya yi gaskiya, sai dai ita ce ta nuna cewa na baya ba su ɗauki waɗannan duwatsu a matsayin kufai kawai ba.

Da Musulunci ya kafu, sai mamaci ya miƙe a kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, kabari kuma ya yi ƙasa, domin mazhabar Imamu Malik, kamar yadda duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya sani, ta karhanta yin gini a kan kaburbura. Daga nan aka daina tara idebnan, aka koma ga 'yan duwatsu da ƙaya da ake sa wa kushewa don kada kura ta tone.