Karnukan da Suka Tona Asirin Masara

A farkon ƙarni na 20, wata cuta mai suna felagira ta addabi talakawan kudancin Amurka. Fata takan yi kaushi ta tsattsage, gudawa ta biyo baya, daga bisani hankali ya gushe. Likitoci da dama sun ɗauka annoba ce mai yaɗuwa. Dakta Joseph Goldberger, wanda hukuma ta ɗora wa binciken a 1914, ya ce a duba kwanon abinci: garin masara, kitsen alade da ruwan rake mai kauri, safe da yamma.

Karnukan yankin ma suna fama da wani ciwo da ake kira baƙin harshe. Goldberger ya ciyar da lafiyayyun karnuka irin cimar talakawan, sai bakinsu ya yi gyambo, yawu na dalala, kare mai kuzari ya kwanta ko kallon abinci ba ya yi. Da aka ba su yis, suka miƙe. A 1937 Conrad Elvehjem na Jami'ar Wisconsin ya warkar da ciwon da sinadarin niyasin, ba a jima ba aka ga yana warkar da mutane.

Mu da tuwon masara ya zama cimarmu, ƙanzo muke zuba wa karen gida. In ya rame ya daina haushi, mu ce lalaci ne. Masara tana da niyasin, sai dai a ɗaure yake. Mutanen Meksiko tun dā suna dafa ta da ruwan toka ko farar ƙasa, wanda ke kwance shi. A wajenmu kuwa, kifi, hanta ko ɗan ƙuli-ƙuli ne ke cike wannan giɓi.