3.2 Tarihin Majami'ar Yahudawa ta Garin Tikocin da Sauye-sauyen Amfani da Ita

A wannan sashe za a yi bayani a kan majami'ar Yahudawa ta Tikocin, wani ƙaramin gari da ke bakin kogin Naref a arewa maso gabashin ƙasar Foland.

Yahudawa sun fara zama a garin ne a shekarar 1522, lokacin da mai mallakar garin, Olbracht Gasztold, ya ba wa iyalai goma daga Gurodno izinin zama da yin fatauci. Da al'ummar ta bunƙasa, sai ta gina majami'a ta bulo a shekarar 1642 a madadin ta katako. A tsakiyar ginin akwai dandamali mai ginshiƙai huɗu inda ake karanta Attaura, an kuma rubuta addu'o'i da Ibrananci a jikin bango. A wancan zamani al'ummar Tikocin tana cikin manyan al'ummomin Yahudawa na ƙasar.

Sai dai kuma garin ya fara ja da baya bayan shekarar 1862, domin layin dogo da ya tashi daga Warso zuwa Rasha ya bi ta Biyalistok ne, ciniki kuma ya koma can. Duk da haka, an ci gaba da ibada a majami'ar har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu. A ranakun 25 da 26 ga watan Agusta na 1941, 'yan Nazi na Jamus suka kwashe Yahudawan garin zuwa dajin Lopuchowo, suka harbe aƙalla mutum 1,400. Daga nan ibada ta yanke. Aka wawashe kayan cikin ginin, aka mayar da shi ɗakin ajiya, har takin zamani an jibge a ciki bayan yaƙi.

A shekarun 1970 hukuma ta gyara ginin, ta mayar da shi gidan adana kayan tarihi a ƙarƙashin na Biyalistok. A yau masu ziyara, musamman matasa daga Isra'ila, sukan zo nan kafin su wuce ƙaburburan dajin.

Daga bayanan da suka gabata za a iya fahimtar cewa ginin ya bi matakai uku: wurin ibada, ɗakin ajiya, sannan gidan tarihi. Gyaran ya ceci bango da rubutun da ke jikinsa, amma jama'ar da aka gina shi dominta ba ta dawo ba.